Yadda Za Ka Gane Halin Babbar Lamba Ba Tare da Jininka Ya Hau Ba

Duk mai ɗan ƙanwa a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ya san abin da hutu ke jawowa. Nawa cewa ya yi: "Kawu, kawo kowace lamba mu binciki halinta." Kishin gida ya sa na kawo 15,424,921, ƙuri'un Buhari da Farfesa Attahiru Jega ya shelanta a 2015.

Na ɗaya, duba wutsiyarta. Ta ƙare da 1, mara ce ke nan. Ta Jonathan, 12,853,162, cika ce. Daɗin aikin a nan ya tsaya.

Na biyu, tara lambobin cikinta. Sun ba da 28, wadda ba ta rabuwa gida 3, don haka uwar ma ba za ta rabu ba. Tazarar da ke tsakanin ta Buhari da ta Jonathan kuwa, 2,571,759, 'yar halak ce: ta rabu gida 9, kowa 285,751, ba gardama.

Na uku, gwada 7. Kowa ya sami 2,203,560, saura 1. To, wannan "saura" ita ce masifar. Wanda ya taɓa haɗa jari da 'yan'uwa a noman albasa ya san ba a faɗa kan miliyan, kan ragowar ake daina gaisawa. Haka a mota daga Jega zuwa Maiyama: yaron mota ya miƙa maka takardar kuɗi ɗaya kai da wani bawan Allah da ba ka taɓa gani ba, wai ku raba. Mu raba da me, da almakashi? Ina kwabbai suka shiga? Mai shayi ba canji, mai goro ba canji, mai POS kuma sai ya yanki nasa kafin ya dube ka. Ka tsaya cikin rana riƙe da hannun rigar baƙo, motarsa na shirin tashi, kowa na zargin kowa. Wallahi wannan wulaƙanci ne, kuma an mai da shi kamar ba komai ba!

Na nawa muke? A bar shi. Da 11 saura 6, da 13 saura 5, da 17 ma 5.

Yaron ya ce kafin a rantse cewa lambar ba ta rabuwa sai da 1 da kanta, dole a gwada ta da duk masu irin wannan taurin kai har zuwa 3,927. Sun haura 500. Nan kana bukatar haƙurin da Farfesa ya nuna ranar da wani ɗan siyasa mai suna Orubebe ya tsaya gabansa yana ihu. Ni ban gaje shi ba.

"Kawu, ai wannan ƙarama ce. Wata mai taurin kai da aka gano a 2024 tsawonta ya haura lambobi miliyan 41."

Na ce ya kawo wayata in latsa. Ashe tun la'asar aka ɗauke wuta, kuma mai caji ya rufe shago da ita a ciki.