Bazazzagi zai je kallon kiɗa a Ikko

Bawana, ɗan Ƙofar Doka, labari ya iso Kano tun kafin a gama bugun babbar rigarka: wai za ka Legas bikin Felabration. Kai ɗin? Kai da ko kalangu aka taɓa a layinku sai ka rufe taga ka ce ana hana ka nazari? To madalla. Allah ya kai ka lafiya ya dawo mana da kai, don bawa irinka tsada gare shi yanzu.

An ce har jadawali ka zana da jan biro da shuɗi: ƙarfe bakwai fita, bakwai da rabi isa, sha ɗaya komawa barci. Cutar Zage-zagi ke nan. Don kun yi maƙwabtaka da jami'a a Samaru, kun ɗauka duniya ma da ƙararrawa take tafiya. Malam, naɗe takardar nan ka ba mai tsire. Bikin nan da Yeni, 'yar mawaƙi Fela, ta ƙirƙiro a 1998, shekara guda bayan rasuwar mahaifinta, mako guda ake yi ana cashewa a daidai zagayowar ranar haihuwarsa, 15 ga Oktoba, kuma cibiyarsa New Afrika Shrine ce da ke Agidingbi a Ikeja. A can, ƙarfe sha ɗayan da ka ware wa barci, yaran mawaƙa ne ke ta gwada murya. Manyan ba sa hawa dandamali sai dare ya raba, a tashi kuwa sai an kusa kiran assalatu. Idan ka bi jan bironka, masu gwajin lasifika kawai za ka kalla, ka dawo Zariya kana cika baki.

Shiga ba wuya, wasu dararen ma kyauta ne, abin da na san shi ya fi jan hankalinka. Wuyar tana wajen komawa masauki. Nan ne na ji abin da ya sa na kusa ƙwarewa da shayi: wai a Ajah za ka sauka, gidan wani ɗan ƙanin surukin abokinka, saboda ba za a karɓi ko sisi ba. Sannu Sarkin Tsimi! Ka san inda Ajah take kuwa? Daga Ikeja sai ka hau gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, wadda Babangida ya buɗe a 1990, ka ratsa Ikoyi, ka miƙe hanyar Lekki har sai ka fara tunanin ko an sace ka ne. Da yamma gosulo zai riƙe ka a kan ruwa, 'yan talla su sayar maka da komai ta taga, daga cincin har burushin goge baki, kai kuwa kana duba agogo kana huci da Turanci. Da ƙarfe huɗun dare hanya fayau, amma a lokacin ne duk jama'ar da ta fito daga Shrine ke danna waya tana neman Bolt, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi. Abin da za ka biya zuwa da dawowa sau biyu ya isa ɗaki mai fanka a Ikeja. Rowa ma ilimi ce, ku zo Kantin Kwari a koya muku.

Ka nemi ɗan otal a wajen Allen Avenue ko Alausa, ka kama tun da wuri, kafin mako ya zo a cika. Ka tambaya ko suna kunna janareta har safe, ka kuma shaida wa mai gadi cewa da asuba za ka dawo, kada ka kwana kana buga ƙofa da hula a hannu. In kuwa aljihun ya ƙi, ga Agege nan kusa. Hausawa sun fi shekara ɗari a wurin, da Sarkin Hausawansu da masallatansu da masu tuwonsu. Ka yi sallama da ladabi, ba za ka rasa tabarma ba. Sai dai kada ka ce musu kallon kiɗa ka zo. Ka ce taron ƙara wa juna sani, ai ba ƙarya ka yi ba: akwai muhawara da lacca a cikin shirin bikin, da rana tsaka, lokacin da masu hankali ke ramuwar barci. Na san a nan za a gan ka a layin gaba, ka ɗaga hannu kana neman a ba ka dama ka yi gyara.

Batun abin hawa kuma, cire acaɓa daga lissafi. Tun 2022 gwamnatin jihar ta hana su a Ikeja da wasu ƙananan hukumomi, kuma in aka kama, da direba da fasinja ake haɗawa. Ba ni da kuɗin beli, in ma ina da shi ba na Bazazzagi ba ne. Akwai jirgin ƙasa na Red Line da ke bi ta Agege da Ikeja da Oshodi har Oyingbo, akwai dogayen motocin BRT, duka da katin Cowry ake biya, ba da dogon bayani ba. Amma su na rana ne, ba sa jiran 'yan rawa. Abokin tafiyarka na gaskiya danfo ne, ruwan ɗorawa mai baƙin zane, kwandasta na lilo a bakin ƙofa yana kiran sunayen unguwanni kamar mai faɗa da su. Ka riƙe canji. In ka miƙa masa dubu, zai haɗa ka da wata mai kwandon kifi ya ba ku takarda ɗaya ya ce ku je ku raba, ya ɗaura muku aure ke nan ba waliyyi ba goro. In an zo inda za ka sauka kuma ka buɗe baki ka ce "Owa!" da ƙarfi. Wannan "don Allah direba in ba damuwa" taku ta Tudun Wada, sai dai ka tsinci kanka a Ojota.

Babbar rigar nan ma ka bar ta a gida. Oktoba a Legas ruwa bai ɗauke ba, cikin Shrine kuma zafi ne da cunkoso da wani hayaƙi da ba na turaren wuta ba. Wayarka a aljihun gaba, hannu a kai. Kada ka tsorata dai, ko Macron na Faransa ya shiga wurin a 2018 ya fito da ƙafafunsa, balle kai da ba wanda ya san da zamanka.

Da rana in ka farka, ka leƙa gidan tarihin Kalakuta a titin Gbemisola, inda kabarin Fela yake, ka ga ɗakinsa da jerin takalmansa. Ka tsaya ka yi wa kanka faɗa a wurin: mutumin nan mata 27 ya aura rana ɗaya a 1978, kai kuwa guda ɗaya tal, in ta kira waya har miƙewa tsaye kake yi. Af, ta ma san da tafiyar? Ko ita ma laccar ka gaya mata?

In ta jirgin sama za ka, wanda nake shakka, ka ɗaga kai ka karanta sunan da ke jikin filin saukar: Murtala Muhammed. Bakano ne. Ka cire takalmi ka gaishe da iyayen gidanka, sannan ka wuce. Tsarabata burodin Agege ne, manya biyu, kuma zan duba ko an gutsura a hanya.