Madalla da Damon, Surukin Kowa

Sai mu yi wa tashar CW ta Amurka godiya. Tun Satumbar 2009 ta fitar da The Vampire Diaries, ga shi har yau masu tura fim a waya na unguwar Gawon Nama suna loda wa 'ya'yanmu zangon farko, kashi 22 cif, a kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Shirin kuwa ya iya riƙe mai kallo. Kowane kashi sai ya yanke daidai inda gaba ya faɗi, yarinya ta ce bari ta ƙara ɗaya kawai, ba ta ankara ba ladan ya kira assalatu.

Ga kuma darasin zaɓen miji. Elena Gilbert marainiya ce 'yar shekara 17, iyayenta sun faɗa kogi da mota. Wa ya dace ya share mata hawaye? Stefan Salvatore mana, ɗan shan jini mai shekara 162, wanda ya shiga makarantarsu ya zauna a aji, ga ta kuwa kamar an tsaga kara da budurwarsa ta 1864. Kai, dattijo ya yi dattako.

Amma gwarzon gwaraza shi ne wansa Damon. Ya kama Caroline, ƙawar Elena, ya cije ta, ya sha jininta, sannan ya kafa mata ido ya goge abin daga ƙwaƙwalwarta. Ita kuma ta naɗa ƙyalle a wuya ta rufe tabon, ta fito cikin ƙawaye tana murmushi. Ya karya wuyan wata yarinya mai suna Vicki. Ya soke Lexi, aminiyar ƙaninsa, a ranar da ƙanin ke bikin zagayowar haihuwarsa. Duk da haka shi ake so mu tausaya wa, ai kyakkyawa ne, kuma wata ta taɓa yaudararsa. Ina uwar da ba za ta so 'yarta ta koyi cewa namijin da ya ji mata ciwo rarrashi yake buƙata?

Baƙar fata ma an ba su haƙƙinsu. Bonnie Bennett matsafiya ce, aikinta hidimar fararen ƙawayenta. Kakarta Sheila ta ƙarar da ƙarfinta wajen buɗe kabarin da ke ƙarƙashin tsohon coci don Damon ya nemo masoyiyarsa, ta koma gida ta kwanta, ba ta sake tashi ba. Sai aka janye Bonnie daga shirin na wani lokaci, kada makokinta ya ɓata wa masoya hira.

Inda suka fi burge ni shi ne sanin darajar jini. Stefan ya kwaso ledojinsa daga asibiti ya jibge a firiza yana zuƙa. A Gawon Nama asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yake, kuma duk wanda ya taɓa jinyar mai naƙuda ko yaro mai sikila ya san yadda ake bin dangi da waya cikin dare, ana roƙon wanda zai taimaka da leda ɗaya. Gara yaran unguwa su sani tun yanzu cewa a Mystic Falls, garin su Elena, sha ake yi.