Mil 4 a Awa: Gogan Naku a Magudanar Llangollen

A Ingila ba a tambayar lasisin tuƙi a hannun mai ɗaukar hayar siririn jirgin ruwa don hutu. Mutum ya biya kuɗinsa, a zagaya da shi cikin jirgin, a nuna masa inji da sandar tuƙi, sai a damƙa masa ƙarfe mai nauyin fiye da tan 10, a ɗaga masa hannu. Wannan sauƙi ne ya ruɗi gogan naku, mutumin da ya sha tuƙi tsakanin Kano da Kaduna, kuma ba ya gajiya da tuna wa jama'a haka. Da hutun bazara ya zo, ya kwashi uwargida da yara suka nufi ƙauyen Wrenbury da ke gundumar Cheshire, a bakin magudanar Llangollen.

Faɗin jirgin ƙafa 6 ne da inci 10, alhali tsawon irinsa kan kai ƙafa 70. A ciki akwai gadaje da murhu da makewayi, duka a jere, idan mutum biyu suka haɗu a tsakiya dole ɗaya ya koma da baya. Wannan siranta gado ce. A 1761 aka buɗe magudanar Bridgewater don kai kwal Manchesta, kuma injiniya James Brindley, wanda ya yi aiki a kanta, shi ya tsayar da faɗin ƙofofin ruwa a kan ƙafa 7 a magudanan da ya haƙa daga baya. Aka ƙera jirage daidai ƙofofin, doki na jan su daga gaɓa. Jirgin ƙasa ya ƙwace kasuwar, masu hutu suka gaje ruwan. Tun 2012 hukumar Canal & River Trust ke kula da kusan mil 2,000 na waɗannan hanyoyi a Ingila da Wels, kuma doka ta ce kada jirgi ya wuce mil 4 a awa.

Gogan naku ya ji batun mil 4 ya yi dariya har da riƙe ciki. Bai daɗe yana yi ba.

Sandar tuƙin tana can a wutsiyar jirgi, kuma ɗabi'arta gardama ce: a tura ta dama, jirgi ya yi hagu. Birki babu, sai dai a sa ribas a haɗa da addu'a. Jirgin kuma daga tsakiyarsa yake juyawa, saboda haka duk lokacin da hanci ya kauce wa wani abu, wutsiya ce za ta je ta gaishe shi. Ƙari a kan haka, gogan ya sha wahala kafin ya saba da bin hagu a titunan Ingila, sai ga shi a kan ruwa an ce dama ake bi, yadda ake yi a gida. Jirgin farko da ya tunkaro su, ya tsaya yana lissafin wace ƙasa yake ciki, har sai da mai ɗaya jirgin ya kauce ya shige cikin ciyayi, yana murmushin da Turawa kan yi idan ransu ya ɓaci.

A Wrenbury akwai gadar da ake ɗagawa da lantarki, motoci na bi ta kanta. Uwargida ta sauka, ta sa mabuɗi, shinge ya sauko ya tare hanya, gada ta tashi. Motoci suka yi layi ta kowane ɓangare. Gogan ya gyara hula, ya nufi mashigar, ya tura sanda inda zuciyarsa ta ce, jirgi ya tafi inda ya ga dama. Ƙarar da ƙarfe ya yi da bango ta tashi agwagin unguwar gaba ɗaya.

“Malam, ka gama ko in sauke musu gada su wuce tukuna?” in ji uwargida.

Magudanar na da ɗakunan ruwa 21, waɗanda da su jirgi ke hawa tudu. Kowane ɗaki yana da ƙofa a ƙasa da ƙofa a sama. Jirgi ya shiga, a rufe ta ƙasa, a ɗauki wani lanƙwasasshen ƙarfe a murɗa a buɗe kafar ruwa ta sama, ruwa ya cika ɗakin ya ɗaga jirgi, sannan ƙofar sama ta yarda a tura ta. Kafin ruwan ciki da na waje su daidaita, ko ƙato goma ba su isa su motsa ta ba. A ɗakin farko gogan ya ce aikin maza ne, ya karɓi ƙarfen. Ya buɗe kafar sama, ya harɗe hannu yana yi wa yara bayanin kimiyyar ruwa. Ruwa na ta shiga, jirgi na nan a ƙasa. Bayani ya ƙare, ya sake wani. Can wata tsohuwa mai yawo da kare, wadda tun da hantsi ta wuce su da ƙafa har ta juyo, ta nuna masa kafar ƙasa a buɗe, yadda na gabansu suka bar ta. Ashe a kwando yake zuba ruwa. Daga ranar ƙarfen ya koma hannun uwargida, kuma a Grindley Brook, inda ɗakuna uku ke manne da juna ƙofar wannan ta zama ta wancan, ita mai gadin wurin ya yi wa bayani, shi ko aka ce ya riƙe sanda kada ya taɓa komai.

Sauran rayuwar jirgi ƙananan hidimomi ne. Tankin ruwa sai an cika shi a famfunan bakin gaɓa. Idan aka zo wucewa ta gefen jiragen da ke ɗaure, dole a rage mil 4 ɗin ma, in ba haka ba igiyar ruwa ta girgiza shayin wani, fuska ta leƙo ta taga. Idan inji ya fara nishi jirgi ba ya gaba, leda ce ko igiya ta naɗe farfela, sai a kashe inji, a cire mabuɗi, a buɗe murfin da ke wutsiya, a zura hannu har kafaɗa cikin ruwan sanyi. Wannan aikin kam ba wanda ya yi takara da gogan a kansa. Alƙibla kuma daga Birtaniya kudu maso gabas take, amma magudana na lanƙwasa, don haka inda aka fuskanta da azahar ba nan ba ne da la'asar, kullum sai an sake tambayar waya.

Garuruwan bakin ruwa su ne ladan wahalar. Whitchurch a da garin maƙeran agogon hasumiya ne, na gidan J. B. Joyce. Ellesmere na da tafkinta, da ɗan reshen magudana da ke kai jirgi kusa da kantuna. A Chirk jirgi kan hau gadar ruwa ya tsallaka kogin Ceiriog daga Ingila zuwa Wels, ya faɗa dogon rami mai duhu a ƙarƙashin tudu, inda sai an leƙa an tabbata babu fitilar wani jirgi kafin a shiga.

Sai gadar ruwa ta Pontcysyllte. Thomas Telford da William Jessop ne suka tsara ta, aka buɗe ta a 1805, UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2009. Kwami ne na ƙarfe mai tsawon mita 307, an ɗora shi bisa ginshiƙan dutse, mita 38 sama da kogin Dee. Gefe ɗaya akwai hanyar ƙafa da shinge. Ɗaya gefen babu komai sai leɓen ƙarfe da ya ɗan ɗara ruwa, daga nan sai iska. Uwargida da yara suka zauna a gaba suna ɗaukar hoto. Gogan, da ke tsaye a wutsiya, ya kafe idonsa a kan rufin jirgi, ya ja duk addu'ar da ya haddace tun yana allo, har da ta shiga kasuwa. A nan ne kaɗai ya tuƙa jirgin ɗoɗar, domin kwamin bai bar masa wurin karkacewa ba. Masu tafiya a ƙafa ma har suka yaba.

Daga Trevor zuwa Llangollen magudanar kan tsuke ta yadda jirgi ɗaya kawai ke wucewa a wasu wurare, ga ruwa na turowa, domin daga kogin Dee ake ɗebo shi a Horseshoe Falls ana gangarar da shi zuwa madatsar Hurleston. A garin Llangollen, wanda ke karɓar bikin waƙoƙin ƙasa da ƙasa tun 1947, har yau doki na jan jirgin 'yan yawon buɗe ido. Uwargida ta daɗe tana kallon dokin, wanda bai daki bango ko sau ɗaya ba.

Da aka zo juyawa, ta ce a ba ta sandar ta gwada. Ta juya jirgin a tafkin garin ba tare da ko agwagwa ta motsa ba. Ta miƙa wa gogan lanƙwasasshen ƙarfen, ta ce, “Malam, a New Marton akwai ɗakuna biyu. Ka fara duba kafar da na gaba suka bari.”