Yadda Na Kusa Shiga Tarihin Linux

A unguwarmu Injiniya ake ce mini, kuma ban taɓa musawa ba. Ni ɗan Pauwa ne, amma shagona yana cikin garin Ƙanƙara, ɗaki guda mai tebur da benci. Ina buga takardar cinikin gona, da katin ɗaurin aure, da takardar neman aiki, in an saki sakamakon NECO kuma in ciro wa yara. Jarin gaba ɗaya kwamfutar tebur ce 'yar Kwatano, wadda ta ga jiya ta ga yau tun kafin ta iso hannuna.

A watan Janairun 2020 Microsoft ya daina kula da Windows 7, tawa kuwa ba ta da ƙashin ɗaukar wadda ta fi ta. A shekarar ce malaman jami'a suka yi dogon yajin aikin nan, tun Maris har Disamba, ɗan ƙanwata da ke karatun kwamfuta a ABU Zariya ya dawo gida ya rasa abin yi, sai ya sa ni gaba. Ya zo da filas ɗauke da Ubuntu 20.04, ya ce, "Kawu, wannan ba ta da nauyi, kuma kyauta ce." Da na ji kyauta ban ƙara tambaya ba.

Daga bakinsa na ji cewa a can ƙasan komai akwai abin da ake kira kanel. Shi ke tsakanin ƙarafan kwamfuta da manhajojin da muke taɓawa, shi ke raba musu ƙwaƙwalwa da lokaci, shi ke magana da firinta da linzami. Na Ubuntu sunansa Linux. Wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara shi a 1991, yanzu dubban mutane ke aikinsa, a lokacin rubutunsa ya kai layi kusan miliyan 30, kuma duk bayan mako tara ko goma ake fitar da sabo. Har wayoyin Android da ke aljihun 'yan kasuwar Ƙanƙara shi ne a cikinsu, ba su sani ba. Na ji daɗin wannan, na riƙa faɗa wa kwastomomi ko ba su tambaya ba.

Muka zauna lafiya har daminar 2021. A watan Agusta kwamfutar ta sabunta kanta, kanel ya tashi daga 5.8 ya koma 5.11. Ba a jima ba, wata safiya ina buga katin ɗaurin aure, ango na tsaye a kaina yana gyara mini sunan kakan amarya, sai linzami ya sandare. Fitilar maɓallin manyan haruffa ta shiga ƙyaftawa ita kaɗai. Na kashe na kunna, na sake bugawa tun daga bisimilla, ina isowa kan sunan amarya ta sake sandarewa. Ango ya dafa tebur, ya rage murya, ya ce, "Injiniya, tsakaninka da Allah, ko dai akwai hannu a auren nan?"

Ɗan ƙanwata ya zo hutu a makon, ya ce firgita ce, wato kanel ya ci karo da abin da bai gane ba, ya gwammace ya tsaya cak da ya ɓata wa mutum ajiyarsa. Bayan sallar isha muka tada kwamfutar da tsohon kanel ɗin, don Ubuntu na ajiye shi. Ta yi aiki sumul har muka gaji da kallo. Yaron ya miƙe tsaye. Ya ce Linus na da doka mai tsauri: abin da ya yi aiki jiya, sabon kanel ba shi da ikon karya shi yau, in ya karya sai an gyara ko a janye sauyin. Sannan ya faɗi maganar da ta hana ni barci. Ya ce in aka gyara, ana rubuta sunan wanda ya kai rahoto a jikin gyaran, ya zauna a kundin Linux har abada. Na kwanta ina ta juya yadda sunana zai fito, da Alhaji ko babu, tunda ban je ba tukuna amma ina da niyya.

Ni so na yi in rubuta wa Linus kai tsaye. Yaron ya ce, "Haba Kawu, in akuyar maƙwabci ta ci maka dawa, fadar Sarkin Katsina kake nufa? Ai sai ka fara da mai unguwa, ya kai ka gun dagaci, kafin a ce Sarkin Pauwa ya ji." Ashe a cikin kanel ɗin akwai wani dogon kundi da ya jera kowane sashe da mai kula da shi da adireshinsa na imel. Muka lalubo wanda ya dace da sunan da muka hango a allon, wani bawan Allah a Turai.

Kafin in gama tsara wasiƙar, a watan Satumba aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Malumfashi da Funtuwa ma babu sabis, an kuma rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. Masu shiga mota neman sabis a lokacin kowa da uzurinsa mai nauyi: mai jiran kuɗi daga ɗansa a Legas, mai sanar da rasuwa, mai cinikin masara. Da wani dattijo a motar Zariya ya tambaye ni nawa uzurin, na ce ƙara zan kai ƙasar Turawa. Ya matsa mini wuri.

Wasiƙar kuwa na yi ta yadda aka koya mana. Na gaida mutumin, na tambayi iyali da aiki da sanyin ƙasarsu, na gabatar da kaina da asalina, na yi wa Linus fatan alheri, sannan a sakin layi na ƙarshe na ce kwamfutata na sandarewa. Na haɗa da hoton allon da na ɗauka da waya ranar da ta cika shi da rubutu. Amsa ta iso kafin in bar Zariya, layi uku, ba sallama ba sai anjima. Na farko, shin na gwada kanel na asali mafi sabunta, don na Ubuntu akwai ƙare-ƙarensu a ciki? Na biyu, me nake yi daidai lokacin da take faɗuwa, kuma zan iya sa ta faɗi da gangan? Na uku, in sake ɗaukar hoton, don wanda na aika ba a ganin komai sai hasken fitilar waya da wani mutum mai hula.

Na duba hoton. Hular zanna ce, kuma ta fito da kyau.

Rashin gaisuwar ya tsaya mini a rai har Funtuwa, amma tun a Zariya yaron ya ce haka suke, mutum ɗaya na samun wasiƙu rututu a yini, wanda ya amsa maka ma ya girmama ka. Ya ce tunda mun san kanel mai lafiya da marar lafiya, akwai hanyar kama mai laifi. Duk sauyin da aka taɓa yi yana ajiye a Git, manhajar da Linus ya ƙirƙira a 2005, kuma in ka sauke kundin sau ɗaya ba ka ƙara buƙatar intanet, abin da ya yi daidai da halin da muke ciki. Tsakanin 5.8 da 5.11 akwai sauyi sama da dubu 40. Git zai tsaya a tsakiyarsu, ka haɗa kanel daga nan ka gwada, ka ce masa lafiya ko ba lafiya. Sai ya watsar da rabi, ya sake tsayawa a tsakiyar sauran. A lissafi, zagaye kamar 16 ya isa a ware sauyi guda. Ya sauke mini kundin a makaranta, ya rubuta umarnin a bayan takardar jarrabawa, ya sa ni a mota.

Abin da lissafin bai faɗa ba shi ne mai. Haɗa kanel guda a kwamfutata na cin sa'o'i, fankarta na kuka, wuta kuwa sai an ga dama, ga shi an hana sayar da fetur a jarka. Sai in cika tankin babur, in dawo in tsotso da tiyo in ɗura wa janareta. Bakina ya koma warin gidan mai, har uwargida ta ware mini kofi. Ga kuma ƙarar injin Baba mai markaɗe, wanda ya kama shagon da ke jikin nawa a daminar, ba ta barin mutum ya yi tunani. Sauƙin da na samu ɗaya ne, shi ma man ya yi masa wuya, wata rana ya tada inji wata rana ya zauna yana jan carbi.

Na bi umarnin tiryan-tiryan. In ta yini ba ta faɗi ba in rubuta lafiya, in ta faɗi in rubuta ba lafiya. Na daina karɓar aikin kowa, na manna takarda a ƙofa cewa ana bincike. Mutane suka fara leƙowa suna tambaya ko an kusa kama shi. Ranar da Git ya fito da suna guda da lambar sauyi guda, na sa aka kawo lemo.

Na koma Zariya na aika wasiƙa ta biyu, wannan karon ni ma ba gaisuwa, tunda na koyi al'adarsu. Na ce ga mai laifi, ga lambar aikinsa, a yi abin da ya dace. Amsar ta fi ta farko tsawo, har da alamar tausayi a cikinta. Ya ce sauyin da na kama gyaran harafi ɗaya ne a cikin wani bayani da aka rubuta don masu karatu, wanda kwamfuta ba ta ko kallonsa in tana haɗa kanel. Ya ce ya duba sababbin hotunan, ya ga kowace faɗuwa a wani sashe dabam take aukuwa, yau a wajen faifai, gobe a wajen firinta, kuma kuskuren rubutu yakan tsaya wuri guda ne. Mai yawo irin wannan ya fi kama da ciwon ram, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. In gwada Memtest86+, manhajar da ke binciken ram.

Na gwada a daren da na dawo. Allo shuɗi, lambobi na gudu, har asuba babu kuskure ko ɗaya. Na fara tsara wasiƙa ta uku a kaina, mai ɗan zafi, wadda za ta nuna cewa a Ƙanƙara ma akwai masu ilimi. Na bar gwajin yana tafiya don in ɗauki hoto da hasken rana, ba hula.

Da hantsi mata da yara suka yi layi da bokitan wake da gero, layin ya zo har bakin ƙofata. Baba ya ja igiya, inji ya yi tari ya kama. Kofin shayin da ke kan teburina ya fara tafiya da kansa, a hankali, yana nufar gefe. Na ɗaga kai, sai ga ƙasan allon ya yi ja wur, layi na bin layi. Wata yarinya da ba ta wuce shekara tara ba, bokiti a ka, ta leƙo ta ce, "Lah, yau ja ta yi. Da tsayawa take yi in Baba ya tada inji."

Na ce, "Ke wa ya faɗa miki?"

"Kowa ya sani, Baba Injiniya. Har cewa muke yi bari mu ga ko za ka buga tebur."

Matan layin suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Baba ya kashe inji ya zagayo yana goge hannu, ya ce shi ma ya lura tun makon farko, amma ya ga ana bincike da Turawa, bai ga wurin sa bakin mai markaɗe ba.

Na kwance murfin kwamfutar. Ɗaya daga cikin sandunan ram biyu ya ɗago, maƙallinsa na gefe ya karye, ƙura ta yi masa kunshi. Teburina na jingine da bangon da aka kafe injin a bayansa. Na ciro sandan, na goge haƙoransa da robar goge fensir har suka yi ƙyalli, na mayar na danna, na tokare shi da guntun kwali. Na janye tebur daga bango, na sa wa kowace ƙafa tsohon silifa. Baba ya sake tada inji, aka markaɗa waken unguwa kaf, allo na nan shuɗi. Bincikena dai bai yi ƙarya ba, duk ranar da na rubuta ba lafiya to ba lafiyar, sai dai carbin Baba na auna.

Ladabi ya sa na rubuta wasiƙar rufe ƙara. Bayyana injin markaɗe da Turanci ya ba ni wuya, na haɗa da hotonsa, Baba na tsaye a gefe ya gyara hula. Mutumin ya amsa da cewa ya daɗe yana karɓar rahoto, wannan ne na farko da wake ya shigo ciki, kuma ya gode da na dawo na faɗi yadda aka ƙare, don da yawa ba sa dawowa. Na tambaya a sakaye ko akwai inda za a rubuta sunana. Ya ce ba a gyara komai a kanel ba, don haka babu wurin rubutawa, amma in gaida mai injin.

Na isar da gaisuwar, kuma ita ta jawo mini. Yanzu duk kwamfutar da aka kawo mini gyara, sai na jingina ta da bangon an tada inji kafin in ba mai ita, don na ga gwajin ya fi na dare kama ɓarawo. Baba ya ce tunda har Turai an san da aikinsa, ba zai ƙona mai a banza ba. Kuɗin markaɗen kwano biyu yake karɓa a kan kowace kwamfuta, laftof kuma kwano uku, wai ita ta masu kuɗi ce.