Sabuwar Ƙota, Tsohuwar Bindiga

Da Sallah ta ƙarato a Dutse, sai 'yan bindiga su fito da tsofaffin adaka daga ƙarƙashin gado, su tarar gara ta riga su yin bikin. Wata bindigar ta girmi Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro a 1991, amma mai ita ƙota kawai yake ganin ta tsufa.

Sai a nufi wajen masassaƙi a kasuwar Shuwarin. Nan gardama take. Ƙirya ƙarfi gare ta, sai dai kafin a kai fada a Garu kafaɗa ta sage. Maɗaci ya fi shan mai, yana ƙyalli, kuɗinsa ma da ɗaci. Mai neman araha ya ɗauki darbejiya, ya buga mata ƙusoshin farin ƙarfe, ya naɗe tsaguwar da jan fata, ya rataya laya.

Abin dariyar, maƙeri ya sauya bututun tuntuni, kunamar ma ba ta asali ba ce, ga ƙota sabuwa fil, amma Malam yana rantsuwa bindigar kakansa ce.

Mai karatu, in ka ga ya ɗura albarushi, yaba ƙotar daga nesa.