Hoto na 47

Jiya da la'asar na mari hannun surukina. Ina wannan rubutu ne ƙofa a kulle, don har yanzu na kasa haɗa ido da uwargida.

Hoton idon fara nake son ɗauka, a ga 'yan gidajen nan masu kusurwa shida da suka jeru kamar saƙar zuma. Wahalar ita ce, in ka kusanto da kyamara har abu ya ninka girmansa biyu, wurin da zai fito tangaran bai kai rabin milimita ba, gaba da baya duk hazo. In ka matse ƙofar haske zuwa f/22 don neman zurfi, sai hoton duka ya dusashe. Dabarar masu sana'ar ita ce a ɗora kyamara a kan ɗan layin ƙarfe mai sukuru, a ɗauka, a murɗa kaɗan, a sake ɗauka, daga baya manhaja irin Helicon Focus ko Zerene Stacker ta tsinto wurin da ya yi kaifi a kowane hoto ta ɗinke su. Sharaɗi ɗaya ne tak: kada komai ya motsa. Fara mai rai ba ta jin wannan magana, shi ya sa na sayo soyayya, na zaɓi mai lafiyayyen ido, na goge mata yaji, na soke ta a tsinke a zaure. Lissafina hoto 60.

Ina na goma maƙwabcina tela ya shigo ya tsuguna.

"Maƙwabci, ka ja baya mana, ai sai ta fito gaba ɗayanta."

Na yi masa bayani. Ya gyaɗa kai kamar ya gane, ya ce wayar ɗansa sau ɗaya take ɗauka, kuma har da fulawa take sa wa a gefe. Can ya ƙara da cewa yajin da na goge ai shi ne kwalliyarta. Na roƙe shi, don girman Allah, ya daina jijjiga ƙafa. Ya ce ba shi ba ne, ƙafar ce ta saba da keken ɗinki.

Don in ga allon kyamara sosai, na lulluɓe kaina da zanen uwargida. Murɗa, jira daƙiƙa biyu girgiza ta lafa, ɗauka. Murɗa, jira, ɗauka. Wuyana ya sage. A hoto na 47 wani ƙaton bango mai ruwan ƙasa ya shigo allon daga hagu, da layi-layi a jikinsa kamar kunyoyin gona. Ashe wata kunyar ce ke tafe. Bangon ya rufe idon farar, sai ga tsinke tsirara.

Tun da rana autana ke zagaya ledar farar, don haka ban tsaya bincike ba. Na zuro hannu ta ƙarƙashin zane, fas! Da ma a nan na tsaya. Sai bakina ya ɗora: "Makwaɗaicin banza! Wannan kwaɗayi dai ba wajena ka gado shi ba, na dangin uwarka ne!"

Tun kafin in yaye zanen, tafin hannuna ya ba ni labari. Hannun yaro ɗan shekara biyar ba ya da gashi, ba ya kuma da zoben azurfa. Na yaye a hankali. Takalmin fata. Babbar riga. Carbi. Furfura. Mahaifin matata, wanda shekara tara ban taɓa cin abinci a gabansa ba, yana tsaye yana tauna. Ƙurus, ƙurus. Wai sau uku ya yi sallama, tela ne ya amsa, har ya nuna masa farar da hannu ya ce bismilla.

Dangin uwarka. Da dare na yi ta juya maganar ko tana da wata fassara. Ba ta da ita. Shi ne dangin, shi ne ma tushensu.

Na zube ƙasa, zanen 'yarsa a kafaɗata, na ce, "Sannunku da zuwa, Baba." Ya haɗiye, ya dubi bayan hannunsa, ya dubi tsinken.

"Gishiri ya yi kaɗan," in ji shi, ya wuce cikin gida.

Tela ya matso ya rage murya. "Hoto nawa ya rage?"

"Sha uku."

"To bi shi maza ka ce ya buɗe baki, ƙila idon bai fashe ba."