Ranar da Ribas Ta Kai Ni Gaba

Kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. A layinmu duk magidanci mai hankali Corolla yake hawa ko Golf, motocin da ko a ƙauye suka mutu ba za a rasa yaron da zai tashe su ba. Tawa kurar kuwa Porsche Boxster S ce ƙirar 2001, Beljiyam, kujera biyu rak, rufin tamfol, ga ta a ƙasa har sai an karkace ake haye kwalbatin ƙofar gida. Motar Jamus ce, amma harafi na 11 a lambar shasinta U ne, alamar cewa a garin Uusikaupunki na ƙasar Finland aka haɗa ta, inda aka riƙa haɗa da yawa daga irinta tun 1997. An haife ta cikin ƙanƙara, ta zo tsufa cikin ƙurar hunturun Kano.

Tsufan ya bayyana ne a tsakiyar shatale-tale. Na taka kuloci zan sauko daga giya ta uku zuwa ta biyu, sai sandar ta saki. Duk inda na kaɗa ta sai ta bi, mota kuwa ta liƙe a ta uku, ta ce nan gani nan bari. Masu adaidaita sahu suka buɗe mini wuta da hon, wani ya leƙo ya ce: "Alhaji, a sayar a sayi keke!" Haka na lallaɓa, kuloci yana ƙauri, har garejin unguwa.

Oga bakaniken mutumin kirki ne. Ya buɗe gaba, ya tarar da but da safaya taya. Ya zagaya ya buɗe baya, ya sake tarar da but. Ya dubi yaransa, ya dube ni, ya ce: "Yallaɓai, da injin ka zo, ko a gida ka baro shi?" Na yi masa bayani cewa injin, mai silinda shida a kwance, uku dama uku hagu, yana tsakiya ne a bayan kujeru, giyabos kuma yana can bayansa. Kafin a gan shi sai an ɗaga rufi rabi, an ɗage gindin tamfol, an yaye kafet, an cire murfi. Ya saurara har ƙarshe, ya goge hannu, ya ce ba zai koyi aiki a kan dukiyata ba. Aka turo mini abata gida, aka shigar da ita da kai, hancinta yana fuskantar tankin ruwan uwargida. Mai karatu ya riƙe wannan.

A irin wannan mota, tsakanin hannun direba da giyabos akwai tafiya, kuma kebur biyu ne ke kai saƙo. Kowanne waya ce mai kauri a cikin kube, irin ta birkin keke, sai dai wannan tana ja tana kuma turawa. Ɗaya na kai motsin gaba da baya, shi ke shigar da giya. Ɗayan na kai motsin hagu da dama, shi ke zaɓar layi: na ɗaya da biyu, na uku da huɗu, na biyar da shida, ko na ribas, wanda a mai giya shida yake can ƙarshen hagu, kafaɗa da kafaɗa da giya ta ɗaya. A wajen giyabos, bakin kowane kebur ƙoƙo ne da ake dannawa a kan wani ɗan dunƙulen ƙarfe. Ƙoƙon nawa ne ya cinye bayan shekara ashirin da ɗoriya yana aiki, ya suɓuce. Wanda ya yi wannan hidima ba a yi masa gori. Na zaga Ƙofar Ruwa da hotonsa a waya, kowa ya yaba kyansa, ba wanda ya taɓa ganinsa. Daga ƙarshe wani ɗan'uwa da ke Jamus ya aiko da sababbi guda biyu.

Na ware Asabar, na sa tsohuwar riga. Kafin in kwance kusa ta farko, Baba Alhaji maƙwabcina, tsohon direban tirela, ya shigo da kujerarsa. Ba wanda ya gayyace shi, ba kuma mai iya sallamarsa.

Sai an cire duk robar da ke tsakanin kujeru kafin a ga kebur, kusoshinta kuma masu kan tauraro ne, sukudireban gida ba ya kama su. Kan sandar giya shi ne ya fara gaisawa da ni. Na ja, ya ƙi. Na dage, ya ƙi. Baba Alhaji ya ce: "Yaran yanzu ba ku cin tuwo." Na sunkuya a kansa na finciko da duk ƙarfina, ya taho gaba ɗaya ya sauka a leɓena. Baba Alhaji ya ce: "Yauwa, ka ga ya fito."

A gindin sandar ne sirrin aikin yake. Ƙarshen kowane kebur sanda ce mai zare, tana kwance cikin wani maƙali mai haƙora, da zobe mai sifirin da ke rufe ta. In ka tura zoben ka murɗa, maƙalin ya buɗe, kana iya kwantar da kebur a duk zaren da ka so. Matsawar zare biyu ko uku ta isa ta canza inda giya take faɗawa. Shi ya sa masana ke cewa a yi wa tsohon kebur alama kafin a ɗaga shi, don a auna sabo da ita. Na aika Auta ya aro jan farcen uwarsa. Na shafa alama ja jawur, na ji kaina injiniya.

Daga nan sai ƙarƙashin mota. Jak kaɗai ba a ba shi amanar rai, don haka na kafa ƙafafun ƙarfe biyu, na tare tayoyin gaba, na shiga da baya ina ja da ƙeya. Na ɓalle ƙoƙon da ya rage, na sassauta maƙalan da ke riƙe da kube. Kebur ɗin suna ratsa bangon bayan kujeru ta cikin wata roba, su bi ɗakin inji ta hanyar da ido ba ya gani. Dabarar ita ce a ɗaura igiya a jelar tsohon kafin a zare shi, don ta zauna a hanyar ta jawo sabo. Na aika Auta ya kwanto igiyar shanya. Robar bango ta ƙi ba da hanya, na aika ya kawo ruwan sabulun wanke-wanke. A karo na gaba da na ce "Auta", uwargida ce da kanta ta fito.

"Maigida, gyaran mota ake yi ko rabon gado?"

Na ce saura kaɗan. Ta ce tana rubutawa.

Tsofaffin kebur suka fito, na jefa su bakin zaure. Sababbi suka bi igiya suka shiga, bayan sun karɓi kuɗin shiga daga fatar yatsuna. Na tabbatar ba su lanƙwashe sosai ba, ba su kuma kusanci salansa ba, don zafi yana cin kube. Na danna ƙoƙuna biyu, kowanne ya ce ƙas. Aka kira azahar, muka tafi masallaci da Baba Alhaji, ina tafe ina jin ƙasa ta yi mini kaɗan.

Da muka dawo, bakin zaure fes. Na ce: "Auta, ina wayoyin nan?"

Ya yi murmushin wanda ya yi abin kirki. "Abba, mai jari-bola ne ya zo wucewa. Na ce ai kai ka gama da su." Ya nuna mini abin da aka ba shi, ragowar alawa a hannu. Alamar jan farce, da duk lissafin da ke kanta, ta tafi a baro, Allah kaɗai ya san unguwar da ta kai.

Akwai hanyar saiti ba tare da alama ba. A bar giyabos a firi, inda da kansa yake komawa layin uku da huɗu, a tsayar da sanda cak a tsakiya, sannan a kwantar da kebur a maƙali a saki zobe. Masu ƙera motar suna da wata 'yar roba ta musamman da ke kulle sandar a tsakiya. Ni ba ni da ita, amma ina da Baba Alhaji.

"Sandar giya? Malam, tun ba a haife ka ba nake riƙe da ita. Daga nan har Fatakwal."

Ya cusa kansa kujerar direba da ƙyar, ya dafe sanda, ya fara ba ni labarin wani gangare a hanyar Jos. Labari na daɗi, hannu na bin labari, sanda na ɗan karkatowa wajensa. Ni kaina na ƙasa ina fama da sifirin. Na ce: "Tana tsakiya, Baba?" Ya ce: "Tsakiyar tsakiya." Na saki zobe.

Aka sauke mota. Yaran layi sun cika ƙofa, uwargida ta tsaya bakin kicin ta harɗe hannu. Na shiga, rufi a buɗe, na tashi inji, ya yi gurnanin nan da ya sa na saye ta. Na kai sanda ƙarshen hagu, na tura gaba, na ɗora hannu a kan kujerar gefe, na waiwaya baya cikin ƙasaita, na ce yara su ba da hanya. Na saki kuloci.

Yara suka fara nisa da ni. Kafin in fahimci dalili, bamba ta gaisa da bulon da tanki ke zaune a kai. Tankin ya yi ɗan tunani, ya rusuna, murfinsa ya fice, ya juye mini ruwan da 'yan garuwa suka wuni suna zubawa. Karkatar hannun Baba Alhaji ta cinye tafiyar sanda ta hagu, ƙarshen hagun nawa bai wuce layin giya ta ɗaya ba. Baba Alhaji ya naɗe kujerarsa, ya ce: "Motar Bature ke nan, ba ta san baya ba." Ya fita.

Ba lokacin jin kunya, domin akwatin lantarkin da ke kula da makulli da ƙararrawar motar yana ƙarƙashin kujerar hagu ne, kuma ba ya shiri da ruwa. Na ruga but ɗin gaba na cire kan batir. Aka tsane ƙasan mota da tsofaffin zannuwa, aka bi da na'urar busar da gashi. Ba sai na faɗi mai su ba. Allah ya rufa asiri, akwatin ya tsira.

Uwargida ce ta kawo ƙarshen magana. Ta ce: "Abin da ake so ya tsaya cak ba a ba mai labari ya riƙe." Ta kawo tef ɗin ɗinki aka auna hagu da dama, aka tokare sanda da muciya, aka ɗaure da igiyar shanya. Na kwantar da kebur, na saki zobe, na kwance ɗauri. Gwaji kuwa inji a kashe aka yi shi, makulli kawai aka murɗa. Fitilar ribas daga jikin giyabos take karɓar umarni, ba ta kama sai ribas ta shiga da gaske. Na tsayar da Auta a baya, ina matsar da zare ɗaya ɗaya, har ya yi ihu: "Abba, ta kawo!" Giya shida da ribas duk suka zauna ɗakunansu.

Da daddare aka gabatar mini da takarda: jan farce, igiya, sabulu, muciyar da ta sha giris, kuɗin ruwa, da sabon murfin tanki. Na biya ban nemi ragi ba.

Aikin nan mai haƙuri yana iya yinsa a gida, ba sihiri a ciki. Amma wanda zai yi, ya kulle tsohon kebur a ɗaka har sai sabo ya yi aiki, ya ɗauki hoton alamarsa a waya, ya gwada kowace giya inji a kashe, sannan ya duba abin da ke gaban motar kafin ya waiwaya baya.